Daga Alƙalamin Mai Kwafa Zuwa Memorin Salula: Tarihin Kwafa da Haƙƙin Mai Fasaha a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya ci kasuwa a ƙauyukan kudancin Damagaram, kamar Guci da Malawa da Dogo-Dogo, ko ya tsallaka iyaka zuwa Maigatari ranar Alhamis, ba zai rasa ganin rumfar mai cajin salula ba. Sau da yawa a gefen teburin cajin akwai kwamfuta, ga samari sun yi layi kowa da ɗan memorinsa a hannu. Da kuɗi kaɗan za a cika wa mutum shi da finafinan Kano, da waƙoƙin Shata, da wa'azi, da fassarar finafinan Indiya. Wanda ya zuba dukiyarsa ya shirya fim ɗin yana can Kano, bai san da wannan ciniki ba, kuma ko dala ba za ta isa hannunsa ba. Mai rumfar kuwa ba ya ɗaukar kansa ɓarawo, domin a ganinsa bai raba kowa da kayansa ba. Wannan saɓanin fahimta yana da dogon tarihi, kuma sai an bi tarihin kafin a gane abin da doka take cewa a yau, da dalilin da ya sa jama'a ba su cika jin ta ba.

Zamanin alƙalami da tawada

Kafin zuwan injin ɗab'i, hanya ɗaya ce ta samun littafi a ƙasar Hausa, wato a kwafe shi da hannu. Takarda kanta kayan fatake ce. A ƙarni na 19 ana kawo takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku ta Tarabulus, ta ratsa hamada zuwa Agadas, ta sauka Damagaram, sa'annan ta wuce Kano. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin Zinder ya zama babban zangon waɗannan ayarori. Almajirin da ya kai munzalin karatun littattafai yakan ari Ahalari ko Ishmawi ko Risala daga malaminsa, ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada, ya zauna makonni ko watanni yana juyawa. Idan ya gama sai ya rubuta sunansa a ƙarshe, ya roƙi mai karatu addu'a, ya kuma nemi afuwa kan kurakuran da hannunsa ya yi.

A wannan tsari kwafa aikin lada ce. Mawallafi ba ya jiran kuɗi daga kowane kwafi, burinsa littafin ya yaɗu. Haka rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello suka bazu, haka kuma jajis na 'Yan Taru suka riƙa ɗaukar waƙoƙin Nana Asma'u zuwa ga matan ƙauyuka. Abin da ake tsarewa abu biyu ne: sunan mai aiki da ingancin nassi. Wanda ya jingina wa kansa littafin wani, ko ya gurɓata shi, ya zubar da mutuncinsa a tsakanin malamai. Ijaza, wato izinin da malami yake ba ɗalibi na karantar da littafi tare da salsalar waɗanda aka karɓo daga gare su, ita ce shaidar cewa an shigo ta ƙofa.

Duk da haka, kulle ilimi ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Malamin da yake da kundin asirai ba ya barinsa a fili, kuma yakan rubuta laƙani ya rage wani sharaɗi a ransa, ta yadda ko an saci takardar ba za ta yi wa ɓarawo amfani ba sai da izini. Maƙera da wanzamai da masunta su ma suna da sirrin sana'a da ba a ba bare. Ke nan Bahaushe ya daɗe da bambance ilimin da ake so ya yaɗu da wanda mutum yake ci da iyalinsa da shi.

Makaɗi, ubangida da kaset

Makaɗan baka ma ba da sayar da waƙa suke rayuwa ba. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ma'azu Ɗan Alalo yana da fadar Damagaram, Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata suna da sarakuna da attajirai da manoma. Ubangida ne yake biya, da doki ko riga ko gona ko mota, kuma ladan abin da ya bayar shi ne sunansa ya shiga bakin duniya. Saboda haka yaɗuwar waƙa riba ce ga makaɗi da wanda aka yi wa ita baki ɗaya.

Faifan garmaho da gidajen rediyo, irin su Rediyon Kaduna da Muryar Sahel, su suka fara raba muryar makaɗi da jikinsa. Amma babban sauyi ya zo ne da kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwannin ƙasar Hausa a shekarun 1970. Da rikoda mai baki biyu kowa zai iya juya waƙa. Shagunan masu kaset suka buɗe a kowace tasha, mutum ya zo da kaset ɗinsa fanko ya faɗi waƙoƙin da yake so a zuba masa. Mafi yawan makaɗa ba su ga kuɗin wannan ciniki ba, sai dai sunansu ya kai inda ƙafarsu ba ta taka ba, gayyatar biki da sarauta ta ƙaru. Wani abin lura kuma shi ne, da yawa daga waƙoƙin da ake saurare yau na makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, kamar Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991 da Shata da ya rasu a 1999, sun tsira ne a taskokin gidajen rediyo da akwatunan masu tara kaset. Hannun da ya ci haƙƙinsu, shi ne kuma ya adana muryarsu.

Boko da ɗab'i

Rubutaccen adabin boko ya fara ne a inuwar hukuma. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu, daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, da NORLA a 1953, da NNPC a 1966. Abubakar Imam da kansa ya ɗebo tushen labarai masu yawa na Magana Jari Ce daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya yi musu riga da wando na Hausa har suka zama 'yan gida. Babu mai kiran wannan sata, domin akasarin abin da ya ɗauko tsofaffin labarai ne da suka zama gadon duniya, kuma gumin da ya zuba a kansu a bayyane yake.

Lamarin ya sauya lokacin da marubutan adabin kasuwar Kano suka fara buga littattafai da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980 da 1990. Marubuci irin Ado Ahmad Gidan Dabino ko Balaraba Ramat Yakubu shi ne mai rubutu, shi ne mai biyan maɗaba'a, shi ne mai bin bashi wajen dillalai. A nan ne kowane kwafin da aka buga ba da izini ba ya zama asara ta kai tsaye a kan mutum ɗaya da aka san sunansa da gidansa.

Ƙofar Wambai

Kafin a fara finafinan Hausa na bidiyo, Kano ta riga ta zama cibiyar juya finafinan Indiya da na Amurka da na Sin. Ana kawo kaset na asali daga waje, musamman ta Dubai, a jera na'urorin bidiyo a ɗaki ana juyawa dare da rana, dillalan kasuwar Ƙofar Wambai kuma su rarraba zuwa Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Zinder, har Gana da Kamaru da Sudan. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna cewa a kan wannan hanya ta satar fasaha ce sana'ar fim ta Hausa ta hau ta yi tafiya.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma Sangaya ya buɗe kasuwa a 1999, sai masu shirya fim suka ƙirƙiro wata dabara ta kare haƙƙinsu wadda ba ta buƙatar kotu. Furodusa yakan buga kwalin fim mai hotunan 'yan wasa, ya miƙa wa dillali kaset na asali, ya sayar masa da kwalaye. Dillali ya sayi kaset fanko ya juya, ya sa a kwali ya sayar. Kuɗin furodusa yana cikin kwali, don haka kaset ɗin da ba shi da kwalin asali shi ne na sata. Tsarin ya dogara ne kacokan kan amana da sanin juna, kuma ya yi aiki gwargwado muddin fim yana buƙatar jikin da za a riƙe a hannu.

Sai dai masana'antar ita ma ba ta fita daga zargi ba. Finafinai da dama an ɗauko labarinsu da karin waƙoƙinsu daga finafinan Indiya ba tare da izini ba, abin da 'yan fim suke kira wanki, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bibiya a nazarce-nazarcensa. Mai kukan an kwafe shi, wani lokaci shi ma kwafowa ya yi.

Shigowar doka

Tunanin cewa mawallafi yana da haƙƙin hana a buga aikinsa na wani lokaci ya fara zama doka a Ingila a 1710, ya zama yarjejeniyar ƙasashe a birnin Bern a 1886. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 1962, Nijeriya kuwa sai a 1993. A Nijeriya dokar Ingila ta 1911 ce ta yi aiki a zamanin mulkin mallaka, aka maye gurbinta da dokar soja ta 1970, sa'annan doka mai lamba 47 ta 1988, wadda ta haifar da hukumar kare haƙƙin mallaka a 1989. A Nijar an yi doka mai lamba 93-027 a watan Maris na 1993, wadda ta haɗa da haƙƙin mawallafi da na masu aiwatarwa da kuma al'adun gargajiya, aka kafa ofishin BNDA a 1995 domin karɓar kuɗin masu fasaha da raba musu, aka kuma sabunta dokar a watan Disamba na 2010. Bugu da ƙari, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa.

Ta fuskar shari'ar Musulunci ma an tattauna batun. Akwai malaman da suka ga cewa wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da ikon yin abin da ya so da shi, kuma ɓoye ilimi abin zargi ne. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, kuma bai halatta a keta ta ba. Hujjarta ita ce al'adar mutanen zamani ta riga ta ba waɗannan haƙƙoƙi ƙimar kuɗi.

Kulle da masu fasa shi

Da kwafa ta koma ta kwamfuta, inda kwafi na dubu yake daidai da na farko, manyan kamfanonin duniya suka koma ga kulle kayansu. Faifan DVD ya fito a 1996 da wani kulle da ake kira CSS, aka kuma raba duniya shiyya-shiyya, yawancin Afirka ta faɗa shiyya ta 5, ta yadda faifan da aka saya a Amurka ba zai yi a na'urar da aka sayar a nan ba. A wannan shekara ce aka ƙulla yarjejeniyar WIPO da ta wajabta wa ƙasashe hukunta masu fasa irin wannan kulle, Amurka kuma ta yi dokarta a 1998. Sabon abu a nan shi ne, fasa kullen kansa ya zama laifi, ko da mutum da kuɗinsa ya sayi faifan.

Ba a daɗe ba aka gwada dokar. A 1999 wani yaro ɗan ƙasar Nowe mai shekara 15, Jon Johansen, tare da wasu, suka fitar da manhajar da take buɗe kullen DVD. Kotun Amurka ta hana yaɗa manhajar a 2000, amma kotunan ƙasarsa suka wanke shi har sau biyu a 2003, bisa cewa faifan da ya buɗe nasa ne. A ɓangaren musayar waƙoƙi ta intanet, Napster da ya fara a 1999 ya rufe a 2001 bayan hukuncin kotu, sa'annan a 2009 kotun Suwidin ta yanke wa mutum huɗu na The Pirate Bay ɗaurin shekara guda kowannensu.

A ƙasar Hausa wannan kulle bai taɓa kama ƙasa sosai ba. Faifan da ya maye gurbin kaset a Kano shi ne VCD, wanda ba shi da wani kulle, kuma na'urori masu araha da aka shigo da su daga Sin ba su damu da shiyya ba. Inda talaka ya fi cin karo da kulle shi ne akwatin tauraron ɗan'adam mai biyan kuɗin wata, da salular da aka ɗaure wa layi ɗaya, da manhajar kwamfuta. Duk da haka dokar ta iso. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Bangi a 1999 ya haramta ƙera ko shigo da na'urorin fasa kulle domin sayarwa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar WIPO a 2017, kuma sabuwar dokarta ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta fasa kulle da cinikin kayan fasa shi a sashe na 50, ta kuma ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa daga intanet.

Zamanin turawa

Salula mai memori da bulutut ce ta rushe tsarin kwali. Da fim ya zama abin da ake turawa daga waya zuwa waya, ba kaset, ba faifai, ba kwali, sai kasuwar Ƙofar Wambai ta durƙushe a shekarun 2010, 'yan dawunlodin suka gaje ta. Furodusoshi da yawa suka karye, wasu suka bar sana'ar. Ko rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, sun tare shinkafa da man fetur, amma ba su tare abin da yake cikin memori ba. Masu fim suka nemi wasu hanyoyi: tashar Arewa24 da ta fara a 2014, da dandalin Northflix, da finafinai masu dogon zango a YouTube irin su Izzar So da Labarina, inda kuɗin yake fitowa daga talla. A wata fuska wannan komawa ce ga tsarin makaɗa, domin mai talla ya zama ubangida, yaɗuwa kuma ta sake zama riba. Sai dai ɗan kallon da ya karɓi fim a rumfar caji ba ya shiga lissafin YouTube, don haka kallonsa ba ya kai wa mai fim komai.

Akwai kuma misalin da yake nuna ɗaya fuskar. Mawaƙin Abzinawa na Nijar, Mdou Moctar, ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, cikin salon waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi salula har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su. Ya nemo masu waƙoƙin, ya yi yarjejeniya da su, ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, daga nan sunan mawaƙin ya shiga duniya. Turawa ce ta kai waƙar, amma neman mai ita da biyansa ne ya mayar da ita arziki.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Dokokin ƙasashen biyu ba su ɗauki kowace kwafa daidai ba. Sun bar ƙofa ga mutum ya kwafi abu domin amfanin kansa, ga malami ya ɗauki wani yanki domin koyarwa tare da ambaton mai shi, ga ɗakin karatu ya adana abin da yake shirin lalacewa. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta ƙara da cewa kada kulle ya hana makafi samun littattafai ta sigar da za su iya karantawa. Abin da dokokin suka hana a fili shi ne a kwafi aikin mutum gaba ɗaya a raba wa jama'a ko a yi ciniki da shi ba da izininsa ba, kuma nan ne rumfar turawa take faɗawa. Malamin lakwal a Magarya da ya juya shafi biyu na littafi don ɗalibansa yana cikin hurumi. Wanda ya juya littafin duka ya ɗaure yana sayarwa a bakin makaranta ya fita daga ciki.

Ƙungiyoyin raya al'adu suna da aiki biyu a gabansu. Na farko, tsofaffin kaset na makaɗan karkara, na noma da dambe da kokawa da biki, suna ruɓewa a akwatuna, kuma idan ba a juya su zuwa na'urorin zamani ba za su tafi da masu su. Juyawar ta fi kyau a yi ta da sanin magada, a rubuta sunan makaɗi da garinsa da lokacin da aka naɗa. Na biyu, mawaƙa da marubuta da yawa na karkara ba su taɓa yin rajista da BNDA ba, ba su kuma san cewa gidan rediyon da yake sa waƙarsu yana da abin da zai biya ba. Wayar da kansu, da haɗa masu rumfunan turawa da masu fim domin a riƙa sayen izini a ƙungiyance, zai fi kamen yaro ɗaya a kasuwa amfani.

Mai kwafa na zamanin Tanimun ya san sunan wanda ya wallafa abin da yake juyawa, ya nemi izini, ya kuma rubuta nasa sunan domin a san wanda za a tuhuma idan an sami kuskure. Waɗannan ladubba uku sun girmi dokar 1710 a wannan ƙasa, kuma ba su fi ƙarfin mai kwamfuta a kasuwar Guci ba.